Layin Dogon Funtua Amana Ce



Yau zancen jirgin ƙasa za mu yi, tsohon jirgin nan mai cin kwal, mai tuƙa hayaƙi. A garin Skagway na Alaska, can Amurka, idan manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido suka tsaya, fasinjoji kan sauka su biya kuɗi masu tsoka, su shiga tsohon jirgin ƙasa wanda aka shimfiɗa layinsa tun zamanin neman zinariya, ya hau da su duwatsu, sa'an nan ya komo da su kafin jirgin ruwansu ya tashi.

To, mu fa? Ai mu ma muna da namu. Layin da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtua da Gusau, har ya kai Ƙauran Namoda a 1929, shi ne ya riƙa kwasar audugar da manoman Malumfashi da Bakori suka noma, bayan an gurje ta an ɗaure dila-dila, zuwa bakin teku. Dattawanmu, Allah Ya ƙara musu lafiya, har yau suna tuna kukan jirgin, da warin kwal ɗin Inugu, da 'yan talla masu miƙa rake ta taga.

Wannan layi amana ce, jama'a, amana ce a wuyanmu. Saboda haka muna roƙon Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya da Gwamnatin Jihar Katsina, su adana tashar Funtua, su kuma naɗi labarin tsofaffin ma'aikatanta tun suna raye.