Idon Wa Ke Kan Wa? Tsarin Ofis da Al'adar Aiki a Koriya ta Kudu

 Abin da nake son tabbatarwa a yau shi ne, kafin mai tsara cikin ofis a Koriya ta Kudu ya zaɓi kujera ko launin fenti, wajibi ne ya fara sanin idon wa zai riƙa sauka a kan wa. A tsarin da aka saba, tebura jere suke fuska da fuska, shugaban sashe, wanda suke kira bujang, yana can bakin taga ya ba ta baya yana fuskantar kowa. Daga wurinsa muƙami ke raguwa har zuwa sabon ma'aikaci da ke bakin ƙofa, allon kwamfutarsa a fili ga duk mai wucewa. Mutanen ƙasar suna da kalmar nunchi, wato karantar fuskar na gaba kafin a yi motsi, abin da ya yi kusa da kara da kunya a wurinmu. Hali ne mai kyau, amma a irin wannan ɗaki yakan zama dabaibayi: yaro ya gama aikinsa tun ƙarfe shida, ba zai iya tashi ba muddin maigida bai ɗauki jakarsa ba. A 2018 doka ta rage iyakar aikin mako daga awa 68 zuwa 52, sai dai teburin da ke kallon ƙofa yana nan inda yake.

Kamfanoni sun fara gyara ne daga harshe. Rukunin CJ ya daina kiran ma'aikata da muƙami tun 2000, kowa sai a kira sunansa a haɗa da nim ta girmamawa, Samsung Electronics kuma ya rage matakan muƙamansa zuwa huɗu a 2017. Da aka zo kan gini, da yawa sai suka kwaikwayi kamfanonin fasaha na Amurka, suka rushe bangaye, suka ce kowa ya zauna inda ya ga dama. A nan nake ganin kuskure. Inda kunyar babba ta yi ƙarfi, cire bango ƙara wa ƙaramin ma'aikaci 'yan kallo yake yi, kuma ko an ce wurin zama ba na kowa ba ne, babu yaron da zai riga bujang zama bakin taga. Abin da ya fi dacewa shi ne a mayar da bakin taga wurin kowa da kowa, a bi da hanyar fita ta inda ba ta ratsa gaban shugaba, a yawaita ƙananan ɗakuna da mutum zai shiga ya rufe ƙofa, a kuma daina shirya ɗakin taro da dogon tebur mai kai da wutsiya. Hedkwatar kamfanin Amorepacific da ke Seoul, wadda David Chipperfield ya zana aka kammala a 2017, ta nuna hanya: tsakar gida a tsakiya kamar gidan gargajiya na hanok, da lambuna uku a saman bene, ta yadda haske da iska suka zama rabon jama'a.

Wani zai ce wannan rushe girmama manya ne. Ban yarda ba. Girmamawa tana nan a gaisuwa da lafazi da cin abincin rana tare, shi ya sa ɗakin cin abinci da ɗan kicin na shan kofi suka cancanci wuri mai kyau, har da isassun wuraren wanke baki, tunda goge haƙora bayan abincin rana al'ada ce a ofisoshin ƙasar. Abin da ake son cirewa shi ne zaman gadi.

Suka ta biyu ta fi nauyi: ofis mai daɗi, da ɗakin barci da wurin motsa jiki, tarko ne na riƙe mutum har dare. Akwai gaskiya a ciki, musamman a ƙasar da haihuwa ta faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace a 2023. Amsata ita ce a auna kowane abin more rayuwa da tambaya guda: yana taimakon ma'aikaci ya gama da wuri, ko yana ba shi dalilin kwana? Wurin renon yara, wanda doka ta ɗora wa ma'aikatun da ke da mutum 500 ko mata 300, ya ci wannan jarrabawa, domin uwa ko uba dole su sauko su ɗauki yaro idan lokacin tashi ya yi, kuma maigida da kansa ya san haka.