Ƙasar Da Muke Takawa Ba A Tsaye Take Ba

Mai girma Sarkin Hausawa, shugabannin ƙungiya, malamanmu, iyaye da 'yan'uwa mazauna Sabo ta Ibadan, barkanmu da haɗuwa.

Sau da yawa mukan ji ana cewa girgizar ƙasa abin wasu ƙasashe ne, ba ta zuwa Nijeriya. To, jama'a, wannan magana da gyara. A 1984 ƙasa ta motsa a Ijabu Ode har aka ji a nan, a 1990 ta motsa a Ibadan kanta, a 2018 kuma mutanen Mpape a Abuja suka kwana cikin fargaba. Me ke kawo haka?

Ƙasar nan hawa-hawa ce. Na sama shi ne ɓawo, kaurinsa a ƙarƙashinmu kamar kilomita 35. Daga nan sai dutse mai tsananin zafi har zurfin kilomita 2,900. Ba ruwa ba ne, amma yana gudana sannu-sannu kamar kwalta a rana. Can ciki kuma narkakken ƙarfe ne, da dunƙulallen ƙarfe a tsakiya, zafinsa ya haura digiri 5,000. Ba wanda ya je ya gani, domin rami mafi zurfi da aka haƙa a Rasha bai kai kilomita 13 ba. Da yadda girgiza ke ratsa ƙasa masana suka auna.

Shi saman nan a tsattsage yake, manyan faranti ne da ke tafiya 'yan santimita kaɗan a shekara. Ku dubi taswira, gaɓar Barazil da tamu kamar ƙwarya ce da ta fashe biyu. Da a haɗe suke, suka rabu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, kuma a wannan rabuwa ne kwarin Binuwai ya samu. Inda faranti ke gogayya nan ne bala'in yake, kamar Turkiyya a 2023 inda mutum sama da 50,000 suka rasu, Allah ya ji ƙansu.

Mu dai alhamdu lillahi a tsakiyar farantin Afirka muke, shi ya sa tamu ba ta da ƙarfi. Amma fa akwai tsohuwar tsaga da ta taso daga Ifewara kusa da Ife ta nufi Zungeru, kuma Akara ma ba a bakin faranti take ba, amma a 1939 girgiza ta kashe mutane a can.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne gini. Yawancin masu mutuwa gida ne ke rufta musu. Ga mu nan fili ya yi mana kaɗan, kowa sai ɗora bene yake a kan tsohon harsashi, a rage rodi, a cika yashi a bulo. Don Allah masu gidaje, kafin a ƙara hawa a kira injiniya ya duba harsashin. In kuwa aka ji motsi, kar a yi turereniya a matakala, a shiga ƙarƙashin tebur mai ƙwari har ya lafa.