Jinin da ke taruwa a ƙarƙashin ƙoƙon kai



Dattijo ya zame a banɗaki, kansa ya bugu, ya tashi ya kaɗe riga ya ce ba komai. Bayan makonni uku ko huɗu sai mantuwa ta kama shi, yana jan ƙafa ɗaya, barci ya yi masa yawa. A ce tsufa ne, wasu su ce iska ce, a yi ta hayaƙi da rubutu. Alhali wani lokaci jini ne ke tsattsafowa a hankali tsakanin ƙwaƙwalwa da tantanin da ya lulluɓe ta, yana danne ta.

Hoton CT kan nuna shi cikin 'yan mintuna. Aikin cire jinin ma, a ganina, bai kai tsoron da ake yi masa ba: likita ya huda ƙaramin rami ɗaya ko biyu a ƙoƙon kai, jinin ya fito baƙi kamar tsohon man inji, da yawa kuma su dawo hayyacinsu cikin kwanaki.

To, wa za a nema? Akwai likitan jijiyoyi mai duba farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki, yana ba da magani. Wannan aiki kuwa na likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne, fannin da Farfesa Latunde Odeku ya assasa a Ibadan a 1962. A Arewa ana samun su a asibitocin koyarwa na Sakkwato da Kano da Shika. Ku karɓi takardar turawa daga asibitin kusa, ku tafi da hoton, ku kuma faɗi in majinyacin yana shan maganin tsinka jini irin su asfirin.