Fumfunar Gyaɗa da Lafiyar Hanta: Jawabin Kwamitin Lafiya a Taron Shekara



Duk shekara bayan kaka, buhunan gyaɗa da masara kan iso mana birni daga gida, mu karɓa da murna. Amma kaɗan ne daga cikinmu ke tambayar yadda aka shanya su, da abin da aka yi da ɓatattun da aka tsince. Sau da yawa mai kyau ita ake kaiwa kasuwa ko a aiko mana, mai fumfuna kuwa a yi ƙuliƙuli da ita, iyayenmu da ƙannenmu su ci.

Wata fumfuna da ke kama amfanin gonar da aka adana da danshi tana fitar da guba mai suna afalatoksin. An gano ta ne bayan da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, sakamakon cin abincin da aka haɗa da gyaɗar Burazil. A 2004 masara mai wannan guba ta hallaka mutane 125 a Kenya. Dafuwa ko suya ba sa kawar da ita. Idan aka daɗe ana cinta kaɗan-kaɗan takan haifar da sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B.

Cikin ikon Allah, tsirrai na ɗauke da sinadaran da ke taimakon hanta. A yankin Cidong na ƙasar Sin, inda wannan sankara ta yi yawa, an yi gwaji da mutane 180 ta amfani da wani sinadari da aka sarrafa daga koren ganye. Sakamakon da aka buga a 2001 ya nuna alamar ɓarnar gubar a fitsarin waɗanda suka sha ta ragu da kashi 55 cikin ɗari, domin sinadarin kan riƙe gubar a hanji kafin ta isa hanta. Haka kuma an ga sinadarin kurkur yana rage lahanin hanta a gwajin dabbobi. Don haka kada mu raina zogale, alayyafo da rama a miyarmu.

Sai dai mu yi hattara, ganye mataimaki ne kurum, ba ya halatta cin ruɓaɓɓiyar gyaɗa. Kuma duk wanda ya tallata mana jiƙo da sunan wanke hanta, mu fara tuntuɓar likita, don wasu haɗe-haɗen su kansu suna ɓata hanta.

Rigakafi ya fi magani. Wani bincike a ƙauyukan ƙasar Gini da aka buga a 2005 ya nuna cewa shanya a kan tabarma, tsince ɓatattu, da jera buhu a kan katako sun rage gubar a jinin mazauna da fiye da rabi. Wannan bai fi ƙarfinmu ba. Muna roƙon kowane reshe ya ware wani abu daga gudummawar bana don sayen tabarmi da katako kafin girbi, kowannenmu kuma ya tabbatar an yi wa 'ya'yansa allurar rigakafin ciwon hanta.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya albarkaci garinmu. Wassalamu alaikum.