Lacca a Kan Asusun Sayen Bashin 'Yan Kasuwa, da Abin da Ya Auku ga Greensill

 

Mas'alar da aka ɗora mini yau ita ce ta asusun nan da masu dukiya kan tara kuɗinsu a ciki domin a riƙa sayen takardun bashin 'yan kasuwa, kuma wajibi ne mu fara da surar cinikin kafin mu yi masa hukunci. Mai masana'anta ya kai wa wani babban kamfani kaya na naira 100, alal misali, kamfanin ya karɓa ya ce sai bayan kwana 90 zai biya. Shi kuwa mai kaya, ga ma'aikata suna jiran albashi, ga kayan aiki sun ƙare, sai ya ɗauki takardar ya kai wa asusu a ba shi 98 a hannu, in ajali ya cika asusun ya karɓi 100 daga kamfanin. Naira 2 ɗin nan ita ce riba, wadda in kuɗin ya juya sau 4 a shekara takan kai wajen 8 cikin ɗari. Maslahar da ke cikin wannan ba ɓoyayya ba ce, domin ƙaramin ɗan kasuwa sau da yawa jinkirin biya ne ke karya shi alhali hajarsa tana da masaya.

Amma ina roƙonku ku tsaya a kan lissafin nan, gama shi ne asalin maganata. Ribar kowace takarda ƙayyadadda ce, ba ta wuce 2 kome kyawun kasuwa, asararta kuwa takan tafi da uwar kuɗin gaba ɗaya, ta yadda takarda guda in ta nutse za ta lashe ribar takardu 49. Daɗin daɗawa, babu wata kasuwa da ake yi wa takardun nan tayi kullum kamar yadda ake yi wa hannun jari, saboda haka mai kula da asusun shi ke ƙiyasta darajarsu, rahotonsa kuwa yakan fito wata bayan wata da riba shimfiɗaɗɗiya, ba hawa ba gangara, har mai zuba jari ya ɗauka cewa natsuwar lissafi hujja ce ta aminci.

A shekarar 2011 wani mutumin Ostareliya, Lex Greensill, ɗan gidan manoma, ya kafa kamfanin Greensill Capital, wanda ke biyan masu kai wa manyan kamfanoni kaya da wuri, sa'an nan ya ƙulla basussukan ya sayar. Daga 2017 bankin Credit Suisse na ƙasar Suwizalan ya buɗe asusai, har suka kai 4, domin sayen waɗannan takardu, ya tallata su ga masu hulɗa da shi a kan cewa hatsarinsu kaɗan ne, tun da bashin na gajeren ajali ne kuma galibinsa akwai inshora a kansa. Kamfanin SoftBank na Japan ya zuba wa Greensill kimanin dala biliyan 1.5 a 2019, tsohon Firaministan Birtaniya David Cameron kuma yana cikin masu ba shi shawara. Wanda ya ga waɗannan sunaye a jere, da wuya ya nemi a nuna masa takarda guda ya karanta.

Ran 1 ga Maris 2021 wa'adin inshorar da ta rufe bashi na kimanin dala biliyan 4.6 ya ƙare, kamfanin da ya bayar da ita, wanda ke ƙarƙashin Tokio Marine, ya ƙi sabuntawa, a ranar kuma Credit Suisse ya rufe asusan da wajen dala biliyan 10 a ciki. Bayan kwana 2 hukumar kula da bankuna ta Jamus ta dakatar da bankin Greensill da ke Bremen, ran 8 ga wata kamfanin Greensill Capital ya durƙushe. Da aka buɗe littattafai, sai aka tarar bashin da aka kasa karɓa ya taru ne a wuyan ɓangarori uku: kamfanonin ƙarfe na Sanjeev Gupta da kimanin dala biliyan 1.2, kamfanin kwal na Bluestone, mallakar iyalin Jim Justice gwamnan West Virginia a lokacin, da wajen miliyan 690, sai kamfanin gine-gine na Katerra da miliyan 440.

Abin da ya fi wannan tayar mini da hankali shi ne, wani sashe na takardun ba na cinikin da aka ƙulla ba ne sam, na cinikin da ake tsammanin za a yi ne nan gaba, wani lokaci ma da kamfanin da bai taɓa sayen kome daga mai karɓar kuɗin ba. Jaridar Financial Times ta ruwaito cewa wasu kamfanonin da sunayensu suka fito a takardun Gupta sun musanta wata mu'amala da shi. Irin wannan takarda in kwana 90 ɗinta ya cika babu mai biya, sai a rubuta sabuwa a maye gurbinta, ta haka rance mai dogon ajali wanda ba shi da jingina ya shiga asusun da aka yi wa masu shi alkawarin za su iya janye kuɗinsu cikin ɗan lokaci.

A nan ne nake ganin fuƙaha'unmu suna da abin cewa, ko ga wanda bai ɗauki fiƙihu a matsayin shari'arsa ba. Malaman Malikiyya, da suka halatta sayar da bashi ga wanda ba shi ake bi ba, sun gindaya sharuɗɗa, daga ciki har da cewa wanda ake bi ya kasance halarce a gari domin a san halinsa na wadata ko talauci, kuma ya yi iƙirari da bashin. Hikimar sharuɗɗan nan ita ce kauce wa garari, wato jahiltar abin da ake saye, kuma da Credit Suisse ya riƙa aikawa ga kowane kamfani da aka ambata yana tambayarsa ko ya yarda ana binsa, da ɓarnar ba ta kai haka ba. Ba zan ɓoye muku ba, shi kansa ragin nan na 98 a kan 100, jamhurin malamai, har da Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda, riba ce haramtacciya a wurinsu, ko da yake hukumomin shari'a na Malesiya sun sauƙaƙa. Wannan babi ne da ke bukatar zama nasa dabam.

Ra'ayina a kan ɗorewar irin wannan asusu shi ne, yana iya daɗewa matuƙar takardunsa ƙanana ne, warwatse a kan masu biya da yawa, kowace an tabbatar da ita daga bakin wanda ake bi, mai tantancewa kuma ba shi ne mai kawo takardun ba. Wahalar ita ce takardun ƙwarai suna da iyaka, kuɗin masu neman riba kuwa yakan yi ta kwarara, in ya fi ƙarfin cinikin da ke ƙasa sai mai asusu ya zaɓa tsakanin mayar wa mutane kuɗinsu da sassauta sharaɗi, ladansa kuwa a kan girman asusun ake yanka masa.

A Fabrairun 2023 hukumar FINMA mai kula da harkokin kuɗi ta Suwizalan ta yanke cewa Credit Suisse ya saɓa wa wajibansa na kula da hatsari saɓawa mai tsanani, a watan Maris kuma bankin UBS ya amince ya haɗiye shi bayan wasu musibun sun taru a kan wannan. Sai a Yunin 2024, fiye da shekara 3 bayan rufewar, UBS ya yi wa masu jarin tayin cika musu 90 cikin ɗari na darajar da asusan ke da ita dab da rufe su.