Ganuwa Da Rumbu: Abin Da Kufan Zilum Ya Koya Mana



In aka ce ganuwa, yaƙi ne ke faɗo wa da yawanmu a rai: dawakai, kibau, a rufe ƙofa. To, yau ina so mu dube ta da idon manomi.

Arewa da Maiduguri, a yankin Tafkin Chadi, akwai wani kufai da ake kira Zilum. Masu binciken kayan tarihi daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus da ta Maiduguri sun gano cewa gari ne da aka zauna kimanin shekara 2,500 da suka wuce, faɗinsa wajen hekta 12. Sai da suka bi filin da na'urar da ke hango abin da ƙasa ta binne, sannan suka ga gwalalo, wato rami mai zurfi da ya kewaye garin, tsawonsa kusan kilomita guda.

Me aka killace a ciki? Ramukan ajiyar hatsi birjik, da manyan randuna, da burbushin gero da wake. Kun ga ke nan, mutanen da suka tara abincin shekara, dole su nemi yadda za su kare shi. Kuma ramin nan da hannu aka haƙa. Ba aikin gida ɗaya ba ne, sai da gayya, sai da shugaban da ake jin maganarsa.

Wannan dabara ba ta tsaya nan ba. Ku dubi ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya fara ginawa. Da Bajamushen nan Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya shiga birnin a 1851, ya tarar da gonaki da filaye masu yawa a cikin ganuwa. In abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya, ba a rasa na sawa a bakin salati.

Yau fa? Manoma nawa ne a bakin Tafkin Chadi ke kallon gonarsu daga nesa saboda rashin tsaro? Kakanninmu sun san noma da tsaro Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Roƙona, in akwai sauran ganuwa ko gwalalo a garinku, don Allah a daina kwasar ƙasarta ana yin tubali. Ku tambayi dattawa abin da ake nomawa a cikinta, ku aiko mana. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.