Dangin Tarwaɗa a Ruwayen Ƙasar Sakkwato

Jawabin da aka karanta wa Hakimai da malamansu a Tudun Wada, Sakkwato.

Masana sun kasa kifaye ƙungiya-ƙungiya bisa ga ƙirar jikinsu. Ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin nan ita ce Siluriformes, watau dangin tarwaɗa, waɗanda irinsu ya wuce 3,000 a duniya.

Alamominsu guda uku ne. Na farko, ba su da ɓawo, fatarsu santsi gare ta. Na biyu, suna da gashin baki, wanda da shi suke laluben abinci cikin ruwa mai laka. Na uku, galibinsu suna da ƙaya mai ƙarfi a fiffiken ƙirji, tana kafewa idan an kama su. A ciki kuwa akwai waɗansu ƙananan ƙasusuwa da suka haɗa jakar iska da kunne, shi ya sa jinsu yake da kaifi.

Ga waɗanda aka fi samu a Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato. Tarwaɗa tana da dogon fiffike a gadon baya, da wata gaɓa cikin kai mai rassa kamar itace, wadda take shaƙar iska da ita, saboda haka takan daɗe a tudu ba ta mutu ba. Ramboshi ɗan uwanta ne, sai dai fiffikensa na baya kashi biyu ne, na wajen wutsiya tsoka ce zalla. Ragon ruwa wutsiyarsa a rabe take. Ƙurungu kansa ƙashi ne, ƙayarsa tana da haƙora kamar zarto. Minjirya ba ta da ƙayar baya, makaminta shi ne lantarkin jikinta, wanda yakan kai bolt 350.

Dalilin wannan bayani shi ne, tarwaɗa da ramboshi da damina suke hayayyafa, sa'ad da ruwa ya malala cikin fadama. Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978, da ta Goronyo a 1984, malalar nan ta ragu. Idan kuma aka zuba magimfa a tafki, ko aka ja taru mai ƙananan idanu, uwa da 'ya'ya duk sun halaka, baɗi masunta su wayi gari hannu wofi.

Saboda haka ana roƙon Hakimai su haɗa kai da Sarakunan Ruwa wajen hana wannan ɓarna. Malamai kuwa, idan za su rubuta rahoton kamu, kada su rubuta "kifi" kurum. Su rubuta kowane iri da sunansa, da wurin da aka kama shi, da watan. Da haka ne hukuma za ta gane irin da ya fara ƙaranci tun bai ƙare ba.

Allah ya ja zamanin Sarkin Musulmi, ya albarkaci ruwayenmu, amin.